Taubashi, wa ya rataya maka usur?

Ɗan Gwaggo, ka yi ta ɓoyo, amma labarinka ya riga ka isowa Gusau. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni daga Tashar Magami zuwa Tudun Wada ne ya fesa mini, bai san wa ya goyo ba. Ya ce ai can Bungudu 'yan unguwarsu sun sallami kocinsu, sun maido tsohon lamba tara nasu, wai shi ne ya san ciwon kulob. Na ce wane lamba tara? Ya ce wani mai kanti ne a bakin kasuwa, mai ɗan tumbi, in yana tafiya ƙafar hagu na ɗan jan ƙasa. Na ce masa ya tsaya in sauka, don dariyar da ta taso mini ba ta kan babur ba ce.

Ranar Asabar na kasa haƙuri na shiga mota, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Na iske ka tsakiyar fili da La'asar sakaliya, cikin zafin bazara, ka zuge zif ɗin rigar sanyi har wuya don haka ka ga Turawa na yi a talabijin, gumi na bin gemu. Usur a wuya, hana-sallah a ka, littafi a hammata. Daga baya na buɗe littafin nan ina zaton zan ga tsarin wasa, sai na ga shafin farko bashin kanti ne: sukari mudu biyu, madara gwangwani uku, sabulu. Yara sun kewaye ka. Ka sa wani siririn yaro ya buga fenariti, ya ɗaga ta ta faɗa gonar mutane. Ka dafe kai ka ce, "Wanga yaro ka kashe ni! Zamanin da munka yi ƙwallo ba haka a ka yi ba. Kauce in gwada maka." Ka ja da baya taku shida, ka tofa yawu a tafin hannu kamar mai shirin kama galma, ka sheƙo da gudu. Ƙwallo tana nan inda aka ajiye ta, ko motsi ba ta yi ba. Takalminka ne ya nufi raga, kai kuma ka zauna daɓas. Golan, yaro mai tarbiyya, ya yi tsalle ya cafke takalmin, ya kawo maka da hannu biyu yana cewa, "Sannu Koci." Ni kuwa ina gindin darbejiya na cusa hula a baki.

Da dare a zauren Gwaggo, ana murza maka man zafi a gwiwa, ka jero mini hujjojinka uku da ka haddace kamar karatun allo: Guardiola, Zidane, Keshi. Ka ce duk ɗiyan gida ne, duk sun dawo sun ɗaga kofi. Ban tanka ba, don Gwaggo na jin mu ta bayan labule, kuma tuwon dawar da ta aiko da miyar kuka ya fi ƙarfin a yi gardama a kansa. Yanzu da na dawo Gusau na sami takarda da alƙalami, bari in biya maka karatun naka, tun da sunaye ka haddace ka tsallake tarihi.

Gaskiya ne Guardiola ɗan Barcelona ne tun yana ƙarami, har yaron ɗauko ƙwallo ya yi a filinsu, ya yi kyaftin, ya dawo a 2008 ya tara musu kofi 14 cikin shekara huɗu. Abin da ka ƙi faɗa shi ne inda ya kwana a 2007. Ƙaramar ƙungiyarsu aka danƙa masa, tana can rukuni na huɗu, ya yi shekara yana yawon ƙananan garuruwa da ita, sai da ya hau da ita sama sa'an nan aka ce to, zo ga babbar. Zidane kuma, mutumin da ya ci ƙwallo biyu da ka a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1998, bai ji kunyar zama ɗan koyo ba. Ya zauna gefen Ancelotti shekara guda, ya yi shekara ɗaya da rabi da yaran Castilla, kafin a miƙa masa Real Madrid a Janairun 2016 ya ci kofin Zakarun Turai uku a jere. Kai kuwa ka ajiye mudu da safe, da yamma ka rataya usur.

Na ukun ne ma ya fi ba ni dariya, don da ka san labarinsa da ba ka kira shi shaida ba. Marigayi Keshi ya ɗaga Kofin Afirka yana kyaftin a Tunisiya a 1994, ya sake ɗaga shi yana koci a Afirka ta Kudu a 2013, daren da Sunday Mba ya zura wa Burkina Faso ɗaya tilo. Shi da Mahmud El-Gohary na Masar ne kaɗai suka taɓa haɗa biyun nan. To amma kafin a ba shi ragamar gida a 2011, sai da ya je ya yi ci-rani. Ya kai Togo Kofin Duniya na 2006, karo na farko a tarihinsu, suka sallame shi tun kafin a tashi zuwa Jamus. Ya je Mali, su ma suka sallame shi a 2010. Ya dawo gida fatarsa ta yi kauri, shi ya sa ya iya barin Osaze Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ya ɗauki yaran da ke buga gasar cikin gida irin su Mba, ya kuma zaunar da kyaftin ɗinsa Joseph Yobo a benci kusan duk gasar. Ka riƙe maganar bencin nan, za mu dawo kanta. Kuma duk da kofin, da zagaye na biyu da ya kai mu a Brazil a 2014, sai da aka sallame shi a 2015.

Tun da kai ɗan Manchester United ne, bari in tuna maka wata Lahadi, 24 ga Oktoba 2021, a gidan kallon nan na bayan layinmu, mai janareton da ke tari. Ka zo da jar riga, ka sayi gyaɗa, ka zauna a bencin gaba. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Liverpool ta zuba muku huɗu a gidanku. Ka miƙe ka ce za ka je ka yi Magariba, alhali ko biyar da rabi ba ta yi ba, rana na nan ɗoɗar. Ba ka dawo ba, don haka ba ka ga Salah ya cika ta ukunsa aka tashi biyar da nema ba. Wa ke tsaye a gefen fili ranar, ya zuba hannu a aljihu? Solskjaer, ɗan gida, wanda ya ci muku ƙwallon nan ta 1999 a ragar Bayern Munich ana dab da hura tashi, wadda har gobe in ka ba da labarinta sai ka miƙe tsaye. Shi kam ba za a ce bai yi koyo ba, ya ci lig biyu da Molde a ƙasarsu Norway. Ciwonsa daban ne: an rasa mai bakin da zai ce masa ya isa. Da baƙo ne aka yi wa biyar a gida, da ƙyar ya kwana. Shi sai da aka ƙara mako huɗu ana kallon juna, har Watford ta ƙara muku huɗu da ɗaya, sa'an nan aka raka shi ƙofa yana share hawaye. Duk tsawon makonnin nan kai ke cewa a majalisa a ba shi lokaci, ɗan gida ne, yana son kulob. To ai Gwaggo ma tana son ka, amma ba ta taɓa ba ka tuƙin tuwo ba.

Lampard ba sai na daɗe a kansa ba. Ƙwallo 211 ya ci wa Chelsea, ba wanda ya kai shi. Aka ba shi kulob ɗin a 2019 bayan shekara ɗaya tak a Derby, aka sallame shi a Janairun 2021, Bajamushe Tuchel ya karɓi yaran nan dai, cikin wata huɗu ya ci kofin Zakarun Turai da su. A 2023 aka sake kiran Lampard riƙon ƙwarya, wasa 11, ya ci ɗaya. Na san za ka ce to Arteta naku fa? Shi ma sai da ya yi shekara uku da rabi yana ɗaukar wa Guardiola jaka a Manchester City, kuma ni na san abin da na sha a bakinka a 2023 da 2024 da 2025, da muka yi ta zuwa na biyu kamar an yi mana baki. Ba zan ɓoye ba. Amma ka tuna Ferguson da ya ci muku lig 13 bai taɓa sa jar rigarku yana ɗan wasa ba, Wenger namu da ya yi kakar 2004 ba a doke shi ba kuwa daga Japan aka ɗauko shi, jaridun Ingila na tambayar wane ne.

Abin da na gani a filinku ranar Asabar shi ne gindin maganar. Yaron nan da ya ɗaga ƙwallo gona, jikinsa ne ya kwanta baya lokacin da zai buga, ƙafar da ya dogara da ita kuma ta yi nisa da ƙwallon. Ni da nake gola na gani daga gindin darbejiya. Kai ba ka gani ba, don kai ba ka taɓa sanin yadda kake yi ba. Ƙafarka ce ta sani, ita kuwa ta yi ritaya ba ta bar wasiyya ba. Abin da ya rage a bakinka shi ne "Buga mana!" da "Zamaninmu." Ba kowane alaramma ne ya iya biya wa ƙolo ba. Wani ya haddace sittin tun yana saurayi, amma in ka kawo masa yaro mai nauyin kai sai ya fusata ya ɗauki dorina, don shi bai taɓa sanin wahalar harafi ba. Sau da yawa gardin da ya sha wuya kafin ya sauke shi ne ya fi iya zama da yaro, ya san daidai inda harshe ke sarƙewa. A ƙwallo ma haka ne, shi ya sa za ka ga manyan masu horarwa da yawa 'yan benci ne a zamaninsu, sun daɗe a zaune suna kallo.

Kada ka ce na tafi Turai na bar gida. Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya da aka zaɓa a birnin Benin a Satumban 2022, Alhaji Ibrahim Musa Gusau, ɗan garin nan ne da nake zaune. A zamaninsa, a Afrilun 2024, aka ba Finidi George ragamar Super Eagles. Finidi fa, wanda ya ci kofin Zakarun Turai da Ajax a 1995, kuma ba da ka ya faɗo ba, ya ci wa Enyimba lig a 2023. Wasa biyu ya yi bayan an tabbatar masa da kujerar: ɗaya da ɗaya da Afirka ta Kudu a Uyo, sa'an nan Jamhuriyar Benin ta doke mu biyu da ɗaya a Abidjan, kuma mai horar da Benin ɗin Gernot Rohr ne, Baturen da muka kora a 2021. A watan Yuni Finidi ya ajiye aiki. A Janairun 2025 aka ɗauko Eric Chelle ɗan Mali. Kafin Finidi an gwada Oliseh, bai cika shekara ba ya tafi. An gwada Eguavoen, Ghana ta hana mu zuwa Kofin Duniya a Abuja a Maris ɗin 2022, 'yan kallo suka faɗa fili suka yi ta fashe-fashe. Duk 'yan 1994 ne, duk mun yi musu tafi muna yara. Kuma in ka lura, an fi tuna ɗan gida a lokacin da aljihu ya yi sanyi ko jama'a suka fusata, don shi ana iya biyansa da kirari, a kuma fake a bayansa in duwatsu sun fara sauka.

Ko Kano Pillars, da ba a fi su kirarin gida ba, Sai Masu Gida, duba waɗanda suka ɗauko musu lig huɗun da suke taƙama da su. Kadiri Ikhana a 2008, Okey Emordi a 2014, tsakaninsu kuma, 2012 da 2013, Baba Ganaru, mutumin Borno, ƙasar iyayen gidanku Barebari. Ka ga ko a ƙwallo sai an ɗauko muku su kafin abu ya yi kyau, ku da sarkin garinku ma Sarkin Fulani ne. Babu Bakano ko ɗaya a cikin ukun. Da Pillars suka tashi karrama ɗansu Ahmed Musa, wanda ya ci musu ƙwallo 18 a kakar 2010 kafin ya tafi Turai, ofis suka ba shi a 2025, suka naɗa shi babban manaja. Wannan dabara ce da ya kamata kwamitinku ya duba: tsohon ɗan wasa yana da suna, yana da waya cike da lambobin masu kuɗi, ana buɗe masa ƙofa in ya ƙwanƙwasa. Wannan amfani ne babba, kuma ba ya bukatar gwiwa.

Namu na nan kuwa, Zamfara United, ka san da ni da kai mun sha rana a filin Sardauna saboda su. Muna nan a 2009 da suka zuba wa Kaduna United tara da nema a wasan ƙarshe na kaka suka tsira daga faɗawa, ƙasa duka ta ɗauki surutu, mu kuwa muka ce ai ranar ce ƙafa ta kama. A 2011 suka faɗa ɗin dai, aka shafe fiye da shekara goma ba a sake ganin manyan kulob na zuwa Gusau wasan lig ba. Ka taɓa jin wani a majalisa ya ce abin da ya kai su ƙasa shi ne koci ba ɗan gida ba ne? Kulob ɗin gwamnati a ƙasar nan, ko na wace jiha ne, numfashinsa na hannun wanda ke kan kujera. In mai son ƙwallo ne a sami mota da alawus, in ba ya so yara su buga da yunwa. Ko Guardiola ka kawo, in ɗan wasa bai karya ba, minti sittin zai yi ya fara neman inuwa.

Wannan ya kawo ni kan kwamitinku, dattawan nan huɗu da suka zo kantinka bayan Isha'i suka ce Bungudu kaf ba wanda ya san kulob ɗin nan kamarka. Ka ji daɗi har ka buɗe musu lemo. Ni na bincika, taubashi. Kocin da suka sallama wata uku yana bin su kuɗin mai na babur. Kai kuwa ba za ka nemi ko sisi ba, kana da kanti, ruwan leda daga wurinka zai fito, lemon hutun rabin lokaci daga wurinka, in ƙwallo ta fashe kai za ka kai ta ɗinki, in za a je wasa Nahuce ko Kwatarkwashi kai za ka cika kuɗin mota. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Kai kana ganin sarauta aka ba ka, su kuwa sun san asusu suka buɗe.

Yanzu mu koma kan bencin da na ce ka riƙe. Na ƙirga 'yan wasanka goma sha ɗaya na farko. Lamba goma ɗan ƙanenka ne. Lamba bakwai ƙanen amaryarka ne, wanda in ya karɓi ƙwallo sai ya yanke mutum uku ya koma ya sake yanke na farkon. Mai tsaron bayanka na tsakiya kuwa abokinka ne da kuka fara ƙwallo tare tun ana buga ta da lemon tsami a lungu, yanzu furfura ta fito masa a gemu, in ya juya sai ka ji kamar ana buɗe ƙofar zaure. Akwai wani baƙin yaro ɗan ƙauye da na ga an bari a gefe yana riƙe wa mutane silifa, da aka sa shi minti goma na ƙarshe shi kaɗai ya san inda zai tsaya kafin ƙwallo ta iso. Gaya mini gaskiya, za ka iya zaunar da tsohon nan ka sa yaron? Mutumin da ya riƙe maka kan ango, wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya duk Juma'a? Za ka iya cire ƙanen amarya ana minti talatin, ka koma gida ka sami ruwan wanka? Keshi ya iya zaunar da Yobo don ba a zaure ɗaya suke kwana ba. Baƙon koci in ya cire yaro, yaron zai yi fushi ya huce. Kai in ka cire yaro, kafin ka isa gida uwarsa ta riga ka zuwa wurin Gwaggo.

Su ma kwamitin sun ɗaura wa kansu dutse. Ranar da aka doke ku sau huɗu a jere, wa zai zo ya ce ka ajiye usur? Wanda kuke sahu ɗaya da Asuba? Wanda sunansa ke shafi na biyu na littafin bashin nan? Ba za su iya ba. Sai dai ka ga an fara yin taro ba a gaya maka ba, gaisuwa ta fara gajarta, wanda ke sayen sukari wurinka ya koma kantin gaba. A Turai in an kori koci sai ya shiga jirgi da jakar kuɗi. A Bungudu kuwa da wanda aka kora da waɗanda suka kore shi za su haɗu a wurin suna gobe da safe, a miƙa musu goro faranti ɗaya.

In ka ce mene ne nawa a ciki, to ga nawa. Ka san bakin 'yan kallon ƙasar nan. In koci ya yi canjin da bai yi musu ba, ba sunansa suke kira ba, gida suke aikawa. Kocin da kuka sallama, tsohuwarsa na can wani gari, ba ta ji ba ta gani ba. Kai kuwa gidanku na bayan fili, katanga ɗaya ce tsakani, kuma wadda za a ambata Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta goya ni. Tsohuwa na zaune kan tabarma tana jan carbi, sai iska ta kawo mata sunanta daga bakin yaran da ita ta yi wa iyayensu wankan jego. Wannan ba zan lamunta ba. In kana son a zage ka, ka nemi inda ba a san asalinka ba.

Kuma ka tausaya wa ƙwallon nan taka guda ɗaya. Ka san wadda nake nufi, ta garinmu Tsafe, lokacin hutun makaranta, da kuka zo cikin a-kori-kura kuna kiɗan galan. Shekara ashirin da wani abu kana cin abinci da ita. A bakinka, ka yanke mutum huɗu ka ɗaga ta ta wuce kan gola. A bakin yaran Bungudu da ba a haife su ba lokacin, mutum shida ne, kuma daga tsakiyar fili. To ni ne golan, kuma Allah na gani kana cikin satar gida da taku uku, ƙwallon ma a ƙwaurinka ta daki ta gangara, ni kuma rana ta kashe mini ido ta gefen dutse. Alƙalin wasan ɗan garinku ne. Na yi shiru shekara da shekaru saboda zumunci, na bar ka kana shan shayi kyauta da ita. Wannan ƙwallo ita ce jarinka. Duk Asabar ɗin da aka doke ku kana tsaye a gefen fili, ana yankar wani abu daga cikinta, har ranar da yaro zai nuna ka ya ce ga kocin nan da aka ci shida, ba wanda zai tuna lamba tara. Alan Shearer ya ci wa Newcastle ƙwallo 206, ya karɓe ta wasa takwas a 2009 ta faɗa rukuni na biyu a hannunsa, amma shi yana da 205 da zai fake a bayansu. Kai ɗaya ce da kai, ita ma ta satar gida.

Ba zan hana ka haƙƙinka ba, ko da yake ba na son yabonka a rubuce. Na ga abin da baƙo ba zai iya ba. Na ga ka bi wani dattijo har gona kana roƙonsa ya riƙa sakin ɗansa ƙarfe huɗu. Ka san yaron da bai ci abincin rana ba tun daga yadda yake ɗaure takalmi, na kuma ga ka tura shi kanti a ɓoye. Ka san gefen filin da ruwa ke kwanciya da damina. A wannan zamani da ko hanyar Tsafe sai mutum ya dubi agogo kafin ya hau ta, duk wanda ya tara samari ashirin a fili da yamma, ya mayar da su gida a gajiye kafin Magariba, ya yi aikin da ya fi kofi. Wannan duk aikin uban ƙungiya ne, kuma ka iya shi tun ba a roƙe ka ba. Tsara wa zai buga da wa zai zauna shi ne ba naka ba, aƙalla ba yanzu ba, kuma ba a unguwarku ba.

Don haka ga tayi, kyauta, albarkacin Gwaggo. Akwai yara 'yan ƙasa da shekara 13 a unguwarmu a Tsafe da ba su da mai tsaya musu. Ba su san ka ba, ba ka auri yayar kowa ba, kuma iyayensu sun san gaskiyar ƙwallon nan taka, don haka ba wanda zai ɗaga maka ƙafa. Ka zo ka yi shekara biyu muna zaginka da hujja. In ka ga abin ya karɓe ka, ka nemi kwas ɗin masu horarwa, akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas, akwai takardun shaida na hukumar ƙwallon Afirka da ake hawa daki-daki, ka koyi yadda ake gaya wa yaro inda zai dasa ƙafa ba tare da ka cire takalmi ka jefi gola ba. Sa'an nan ka koma Bungudu da takarda a hannu da tabon kora a goshi kamar Keshi. Ka ga ashe ko koci Bungudu za ta samu, sai mun gyara mata shi a Tsafe.

Na ji an ce mako biyu masu zuwa za ku kawo mana wasan sada zumunci. Ina nan zuwa daga Gusau, kuma a bayan ragarmu zan tsaya, wurin da na san rana ba ta kashe ido. Na riga na gaya wa golanmu ya riƙa duba abu biyu, ƙwallo da takalmi. Maganar kuɗin shara da ke tsakaninmu tun cika-cikin bara na bar ta sai mun haɗu gaban manya. In an ba ku fenariti, don girman Allah ka bar yaro ya buga, kai ka zauna. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata man zafin da na yi alkawari yana hannun direban motar safe, kwalba biyu ne, ɗaya nata ɗaya na Koci.